Lambar QR da waya za ta karanta nan take

Kai yaro, kana tambaya me ya sa wata lambar QR waya na ganinta take buɗewa, wata kuma sai an yi ta kai waya gaba da baya a banza. Ajiye wayar nan ka saurara. Yadda ake shiga shafi a haɗa lambar ba zan tsaya koya maka ba, ɗan firamare ma ya iya.

Da fari ka san abin da ke cikin lambar. Tsayayyar lamba ita ce wadda aka rubuta adireshin a jikinta kai tsaye, ba ta mutuwa, ba a kuma canza ta. Wata mai gidan abinci a unguwar Aboabo ta Kumasi ta turo wa shagon nan namu na buga takardu tata lambar ta WhatsApp, ɗanta ne ya haɗa mata a wani shafin intanet wai kyauta. An ce mata a bari a sake haɗawa, ta ce ita ɗanta ya yi karatun kwamfuta. Aka buga mata sitika na robobin waakye da babban fileksi na bakin titi, ta ba da rabin kuɗi. Ashe lambar ba ta zuwa wurinta kai tsaye, sai ta bi ta shafin waɗancan mutane, kwanakin gwaji na ƙarewa suka rufe hanya sai an biya su. Ta zo shagonmu nan Asafo tana ɗaga murya a gaban mutane wai injinmu ne ya ɓata. Cikon kuɗin har yau shiru, kuɗin tawada da leda ya bi ruwa. Don haka duk lambar da aka kawo, ka haska ta ka karanta adireshin da ya fito. In ka ga sunan wani shafin da ba na wanda ya kawo aikin ba, kada ka buga.

Adireshin kuma ya zama gajere. Lamba mafi ƙanƙanta gida 21 ce a tsaye (gida shi ne ɗan ƙaramin murabba'i ɗaya, baƙi ko fari), 21 a kwance, babbar cikinsu 177. Rubutu na ƙaruwa, gidaje na ƙanƙancewa, kyamarar ƙaramar waya ta kasa rarrabe su. In na WhatsApp ne, wa.me sai 233 na ƙasar Ghana sai lambar wayar mutum, ka cire sifirin farko. Na karɓar kuɗi irin GhQR, lambar biyan kuɗi ta Ghana, kuwa daga banki ake karɓowa, ba aikinka ba ne.

Ku yaran yanzu ado ne ya rufe muku ido. Sai ku cika zane da kala har ku cinye farin da ke kewaye da lambar. Wannan farin dole ya kai faɗin gida huɗu ta kowane ɓangare, ba rubutu, ba layi. Manyan idanu ukun nan na kusurwa da su waya ke gane lambar, kada ka taɓa su. In mai aiki ya nace sai tambarinsa a tsakiya, ka zaɓi matakin gyara na H, mai jure ɓacin kusan kashi 30 cikin ɗari. L kashi 7 ne, M 15, Q 25. Ko da H ɗin, tambari ya zama ƙarami, domin ƙurar hunturu da ƙarzuwa su ma za su ci nasu kason.

Lamba mai duhu a kan fili mai haske. Ruwan gwal a kan ja ba ya aiki, fari a kan baƙi wasu wayoyin ba sa karantawa. Baƙin ya zama na tawada ɗaya, in ka haɗa kala huɗu suka ɗan goce, gefen gidajen ya dushe. Ka fitar da fayil a SVG ko PDF, ban da hoton da WhatsApp ya matse, kuma kada ka ja shi ta gefe ɗaya.

Girma: nisan mai haskawa ka raba goma. Daga mita biyu, santimita 20. A katin kasuwanci kada ya gaza santimita 2. Leda mai ƙyalli tana mayar da hasken rana, sa marar ƙyalli. A jikin kwalba, lanƙwasa tana ɓoye gefe.

Kafin ka saki inji, buga ɗaya a kan ainihin kayan, ka fita da shi rana, ka shigo inuwa, ka gwada da tsohuwar Itel ko Tecno. Sannan mai aiki ya haska da wayarsa a gabanka, ya sa hannu a bayan samfurin.