Bidiyon Gwajin Furostet a YouTube: Wanne Zan Yarda da Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 53, fitsari yana tashina sau uku ko huɗu da dare. Likita ya ce a duba mini furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, sai na shiga YouTube don in ga yadda ake yi. Wani bidiyo ya ce gwajin yatsa tsohon yayi ne, wani kuma mai kallo sama da miliyan ya ce in sha haɗinsa kawai. Ta yaya zan gane na gaskiya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da lafiya. Ni ba likita ba ne, amma na san yadda YouTube ke zaɓo abin da yake nuna maka, kuma a nan matsalar take. Manhajar tana tura bidiyon da mutane ke dannawa su daɗe suna kallo. Yawan kallo kuwa ba ma'aunin gaskiya ba ne. Mai tsoratarwa da mai alkawarin waraka cikin mako guda sun fi riƙe ido fiye da likitan da ke bayani a natse.

An ma gwada wannan. A 2019 mujallar European Urology ta buga binciken Dakta Stacy Loeb ta Jami'ar New York da abokan aikinta a kan bidiyo 150 na kansar furostet a YouTube. Kashi 77 cikin ɗari na ɗauke da bayani mai iya ɓatarwa ko mai son zuciya, a cikin bidiyon ko a sharhin da ke ƙasa, kuma waɗanda ba su da inganci sun fi samun masu kallo. Tun Nuwamban 2021 kuma YouTube ya ɓoye adadin waɗanda suka danna ba su so, don haka wannan 'yar alamar ma ta tafi.

Abin da na fi so ka duba shi ne kwanan watan da aka ɗora bidiyon. A 2012 kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya ce a daina yi wa maza masu lafiya gwajin jini na PSA (wani sinadari da furostet ke fitarwa) barkatai. A 2018 ya sassauta, ya ce masu shekara 55 zuwa 69 su yanke shawara tare da likitansu. Bidiyo biyu na iya saɓa wa juna saboda tazarar shekaru kawai. Kuma duk wannan muhawarar a kan wanda ba ya jin komai ne. Kai kana da alama, likita ya riga ya gan ka. Ga shi baƙar fata sun fi shiga haɗarin kansar furostet: a Birtaniya ana ƙiyasta ɗaya cikin huɗu zai kamu, ninki biyu na sauran maza.

Sai ka danna sunan tashar. Asibitin koyarwa ne, ko wani ne da farar riga ba sunan wurin aiki? In akwai lambar WhatsApp ta sayen magani a ƙasa, talla kake kallo. Yanzu har fuskar likitan gaske ake ɗauka a haɗa mata murya da ƙirƙirarriyar basira. Kalli leɓɓan da kyau, sau da yawa ba sa tafiya daidai da maganar.

Bidiyo mai kyau zai faɗa maka cewa likita na sa safar hannu da man santsi, ya taɓa furostet ta dubura, cikin ƙasa da minti ɗaya an gama. Zai ce hauhawar PSA ba lallai kansa ba ce, kumburin tsufa ko ciwon sanyi na iya ɗaga shi, kuma sai an ɗebi ɗan tsoka an auna ake tabbatarwa. Wanda ya tsallake wannan ya wuce kai tsaye zuwa farashin kwalba, rufe shi, ka koma wurin likitan da ya tura ka.