Almon ɗin dutsen Iran da magaryar bakin gona

Wani manomi daga ƙasar Daura ya rubuto cewa ya ga bidiyon wani itacen daji da ke rayuwa a busassun duwatsun Iran ba ban-ruwa, yana tambayar inda zai sami iri.

Malam, almon ɗin daji ke nan, Farisawa na ce masa badam kuhi, dangin tuffa ne da furen wardi. A tsaunukan Zagros na Iran ana tatsar mai daga ƙwararsa, a ɗebi ƙaronsa, a kuma aura masa almon na gida, wato a haɗa reshen na gidan a jikinsa, saboda saiwarsa na jure fari. Ƙwarar ɗaci gare ta da guba, sai an jiƙa ana sauya ruwa, kamar yadda iyayenmu mata ke yi wa anza. Amma riƙe kuɗinka. Irin ba ya tsira sai ya yi makonni cikin sanyi mai tsanani, kuma hunturun Daura bai kai ba.

Abin da kake nema yana bakin gonarka, wato magaryar da kuke sarewa kowace bazara. A Sadore, kusa da Yamai, cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta daɗe tana aura mata irin Indiya kamar Gola da Umran, 'ya'yan su yi ɓul-ɓul har ana ce musu tuffar Sahel. Sai dai ka riƙa cire duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren, in ba haka ba ta koma magaryarta ta da.

Ga kuma tsutsar 'ya'yan magarya, wadda na gaji da maimaita maganarta. Wani ƙuda ne ke saka ƙwai a ƙarƙashin fatar ɗan, tsutsar ta ci ciki, ta faɗo ta ɓuya a ƙasa, ta fito ƙuda. Wanda ya ga tsutsa sannan ya ruga sayen maganin feshi mai tsada, me zai fesa wa? Tana ciki, yaransa kuma za su ci abin da aka fesa wa magani. A tsince duk wanda ya zube a binne da zurfi, a kafce gindin itacen, a tsinke 'ya'yan da zarar sun fara nuna.

Wata Hajiya daga Maraɗi tana tambaya ko ta sa a tone sabarar da ke cikin geronta. A'a Hajiya, a bar wa kowane kututture rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe sauran a shimfiɗa a gona.