Ƙirga kalori, agogon hannu da shayin rage tumbi: amsar tambayoyinku

Salamu alaikum 'yan'uwa. Saƙonnin wannan makon kusan duk kan ƙiba ne da abin da mutum zai saya dan ya rage ta, sai na ɗauko uku daga ciki.

Wata 'yar'uwa daga Zariya tace: "Anti tun haihuwata ta uku jikina ya buɗe, yanzu na kai kilo 92, gwiwoyina suna damuna ko sallah a zaune nake yi wani lokacin. Ƙawata tace in sauke manhajar ƙirga kalori a waya in kuma sayi ɗan sikelin auna abinci. Dan Allah abin nan yana aiki kuwa, ko asarar kuɗi kawai zan yi?"

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya ya raya zuri'a. Amsata a taƙaice, yana da amfani, amma na ɗan lokaci. Ki yi shi sati biyu ko uku dan idonki ya buɗe, daga nan ki ajiye.

Kalori ma'auni ne na ƙarfin da abinci ke ba jiki, kuma gaskiya ne in abin da ke shiga ya fi wanda jiki ke ƙonawa toh ragowar kitse yake zama, wannan babu musu a kai. Giram ɗaya na sitaci ko suga kalori 4 ne, na furotin (sinadarin gina jiki da ke cikin nama, ƙwai da wake) ma 4, amma giram ɗaya na mai kalori 9 ne, ya ninka har da ɗori. Nan ne wajen da nake so ki tsaya. Babban cokali ɗaya na mai, man ja ne ko man gyaɗa ko na kanti mai tsada duk ɗaya, kusan kalori 120 ne. In ludayin da kike kamfatar mai da shi yana cin cokali biyar, kinga kalori 600 kenan suka shiga tukunya tun kafin ki zuba tattasai, kuma wallahi da yawanmu ludayi biyu muke yi saboda ana so a ga mai ya taso saman miya kar a ce matar gida ta yi rowa. Mace matsakaiciya tana buƙatar wajen 2,000 ne a yini gaba ɗaya, namiji wajen 2,500, ya danganta da girman jiki da aikin da ake yi.

Sai abin sha, wanda shi mutane ba sa ma lissafa shi a abinci. Robar lemo ta 50cl tana ɗauke da kusan kalori 200 da suga wajen giram 50, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya tace babba ya tsaya a ƙasa da shi a yini guda. Ki haɗa da shayin safe mai madara da suga cokali uku, da zoɓo ko kunun ayan da aka zabga wa suga, da fura da nono ita ma da nata sugan, da gyaɗar da ake ɗan tauna ana hira (giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550, tafin hannu uku ne fa kawai). Sai ki ji mace tana rantsuwa ita ba ta cin komai, kuma ba ƙarya take ba, tuwon nata kaɗan ne da gaske, a ludayin mai da kofi abin yake ɓuya. Amfanin ƙirgan kenan, ya nuna miki waɗannan wuraren.

Inda yake kasawa kuma, lissafin kansa ba daidai yake fita ba. Manhajoji irin su MyFitnessPal an gina su ne kan abincin leda da na gwangwani mai rubutu a jiki, in kika rubuta tuwon shinkafa ko miyar kuka ko ɗanwake, ko dai ba ki samu ba, ko ki samu adadin da wani can ya shigar da ka, shi malmalarsa daban taki daban, man da ya zuba daban. Ko rubutun jikin ledar ma a Amurka doka ta yarda a samu kuskure har kashi 20 cikin ɗari. Mu kanmu muna mantuwa, akwai binciken da aka buga a 1992 a Amurka kan wasu masu ƙiba da suke cewa suna cin ƙasa da kalori 1,200 a yini amma ba sa ramewa, da aka auna su sosai sai aka ga kusan rabin abin da suke ci ba ya shiga lissafinsu. Balle ke da kike girki tukunya ɗaya da miji da yara, ga ɗanɗanen gishiri, ga ragowar abincin yaro da kike ƙarasawa dan kar a yi almubazzaranci, ga biki ga suna.

Kuma an gwada an gani ana ramewa ba tare da ƙirga ba. A jami'ar Stanford an bi mutum 609 tsawon shekara guda, aka buga sakamakon a 2018, ba a ba kowa adadin kalori ba, an dai ce su rage suga da farar fulawa su yawaita ganye su riƙa girki a gida, wasu suka rage mai wasu suka rage sitaci, kuma ɓangarorin biyu suka sauke wajen kilo 5 zuwa 6.

Dan haka ga shawarata kan sayayya. Manhajar ki sauke ta kyauta kar ki biya ko sisi dan ƙarin wani abu. Sikelin kicin in da hali ki saya mai arha, in babu cokali da kofi guda da za ki riƙa awo da su kullum sun isa. Sati biyun nan ki rubuta komai har lomar ɗanɗano, kar ki canza komai tukuna, sai ki duba ki zaɓi abu biyu mafi nauyi ki rage, galibi mai ne da abin sha. Ki zuba naki a faranti daban, rabinsa ganye, zogale, rama, kabeji, alayyahu, sannan wake ko ƙwai ko kifi, tuwon malmala ɗaya. Sauke rabin kilo a sati ya yi, kuma saukar kilo 5 kawai za ki ji bambanci a gwiwa. In har yanzu kina shayarwa kar ki matse cikinki, ki tsaya kan rage suga da mai. In kuma kika ga ƙirgan ya fara sa ki tsoron abinci, ko kina kwana da yunwa dan lamba ta yi kyau a waya, ki goge manhajar ranar, na fi damuwa da wannan akan kilo 92 ɗin.

Wani ɗan'uwa ɗan kasuwa daga Kano yace: "Hajiya ni yini nake a zaune a shago, tumbi ya fito. Ina so in sayi agogon nan mai nuna kalorin da mutum ya ƙona, wanne ya fi?"

Alhaji in dan lissafin kalori ne kar ka saya, ko wanne iri ne. A 2017 masu bincike a Stanford ɗin dai sun gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai har da Apple Watch da Fitbit, wajen auna bugun zuciya yawancinsu sun yi ƙoƙari, amma a kalori wanda ya fi kowa daidai ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, na ƙarshe kuma da kashi 93. Haɗarin shi ne agogo ya ce maka ka ƙona 500 sai ka ga ai ka samu lasisin tsire da lemo mai sanyi da daddare, alhali tafiyar minti 30 da sauri ba ta wuce ƙona 150 ko kusa da haka, robar lemo ɗaya ta shafe ta. Tafiyar tana da amfani sosai ga zuciya da hawan jini da suga, minti 150 a sati ake so, sai dai ramar daga kwano take farawa. In ƙirga taku kake so ya riƙa zaburar da kai, wayarka ma tana yi. Ka sayi tef irin na tela ka auna cikinka daidai wajen cibiya sau ɗaya a sati, abin da ake so kada zagayensa ya kai rabin tsawonka, in tsawonka santimita 170 ne ya zama ƙasa da 85. In kana shan maganin ciwon suga kuma ka ga likitanka kafin ka rage abinci, dan suga na iya faɗuwa ƙasa.

Ta ƙarshe wata budurwa ce daga Maraɗi, bikinta saura wata biyu, tana tambaya kan shayin rage tumbi da ake tallarsa a TikTok da WhatsApp, wai ba sai ta yi wani lissafi ba.

Ƙanwata Allah ya sanya alheri, amma ki riƙe kuɗinki. Da yawan shayin nan abin da ke ciki maganin wankin ciki ne irin filasko, ko mai sa yawan fitsari, sikeli zai nuna kin ragu kilo biyu cikin kwana uku amma ruwa ne ya fita, kitsen yana nan, kina sha kina ci zai dawo, ga murɗar ciki da jiri da fatarki da za ta bushe ana dab da biki. Wanda ma babu sunan abin da aka haɗa a jikinsa ko lambar rajistar hukuma kar ki kai shi bakinki ko kyauta ne. Cikin wata biyu in kika bar lemo da soye-soyen dare kika riƙa tafiya kullum, kilo uku zuwa huɗu abu ne mai yiwuwa, sai ki gaya wa telanki ya jinkirta awon ƙarshe zuwa saura sati biyu.