Tambayoyinku kan Fasaha: 'Ya'ya Mata da Aikin Rubuta Manhaja

Saƙonnin wannan makon sun taru a kan magana ɗaya, wato mace da kwamfuta. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya, daga wani magidanci a Zariya: 'Yata tana aji uku na ƙaramar sakandare, kuma ta kafe sai ta karanta kwamfuta. Wani abokina ya ce ƙwaƙwalwar mace ba ta ɗaukar irin wannan lissafi, gara in karkata ta ga aikin jinya. Ni ma da na duba, kusan duk masu aikin maza ne. Halitta ce ta kawo haka?

Amsa: Malam, idonka bai yaudare ka ba, maza sun fi yawa a wannan aiki yau. Dalilin da abokinka ya kawo ne tarihi ya ƙaryata. Kwamfutar ENIAC da aka nuna wa duniya a Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka a Fabrairun 1946, mata shida ne suka tsara mata ayyukanta, suna jona wayoyi da murɗa makunnai da hannu, ba su da wani littafin koyi sai zanen na'urar. Grace Hopper ce a 1952 ta samar da ɗaya daga cikin manhajojin farko masu juya umarnin mutum zuwa abin da na'ura ke fahimta. Margaret Hamilton ce ta jagoranci masu rubuta manhajar kumbon Apollo da ya sauka a duniyar wata a 1969.

Alƙaluman Amurka sun fi komai fayyace zancen. A 1984, kusan kashi 37 cikin ɗari na masu kammala digirin kimiyyar kwamfuta mata ne. Zuwa wajejen 2010 sun koma kusan kashi 18, alhali a fannin likitanci da na lauya mata sai ƙaruwa suke yi har suka kusa rabi. Halitta ba ta sauyawa cikin shekara ashirin da biyar. Abin da ya sauya shi ne kwamfuta ta shiga gidaje, 'yan kasuwa suka riƙa tallata ta a matsayin abin wasan yara maza, iyaye suka riƙa ajiye ta a ɗakin ɗa namiji. Yaro ya iso jami'a da shekaru yana taɓa na'ura, yarinya ta iso ba ta taɓa rubuta layi ɗaya ba. Malami ya ɗauka kowa ya san abin farko, ya tsallake shi. Ita kuma ta ga na kusa da ita yana amsa komai, sai ta yanke wa kanta hukuncin cewa ita ce ba ta da basira, ta canza fanni.

Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ta gane wannan ta gyara. Ta daina fifita wanda ya riga ya iya rubuta manhaja wajen ɗaukar ɗalibai, ta raba ajin farko gwargwadon abin da kowa ya zo da shi. Daga 1995 zuwa 2000 mata a cikin sababbin ɗaliban fannin suka tashi daga kashi 7 zuwa kashi 42. A Malesiya kuwa, ƙasa mai rinjayen Musulmi, an daɗe mata suna kai kusan rabin ɗaliban kwamfuta a jami'o'i, domin a can iyaye na kallon sa a matsayin aikin ofis mai mutunci da ya dace da 'ya mace.

Game da lissafi, Janet Hyde da abokan aikinta sun duba sakamakon jarrabawar yara kusan miliyan 7 a Amurka a 2008, ba su sami wani bambanci na a zo a gani tsakanin maza da mata ba. Akwai wuri ɗaya da gwaje-gwaje kan nuna maza na gaba a matsakaici, wato juya siffar abu a cikin tunani, amma Sheryl Sorby ta nuna da ɗaliban injiniya a jihar Mishigan ta Amurka cewa horo na 'yan makonni na ɗaga wannan ƙwarewa sosai. Kuma yawancin aikin manhaja ba ya ma buƙatar ta. Abin da yake buƙata shi ne a iya tsinka matsala gida-gida, a karanta da natsuwa, a jure neman kuskure.

Abin da ke gabanka yanzu shi ne zaɓin aji. Ka tabbatar ta shiga ajin kimiyya a babbar sakandare kuma ba ta yar da Physics ba, domin a nan ake asarar 'yan mata da yawa tun ba su sani ba. JAMB na neman Turanci da Lissafi da Physics da ƙarin darasin kimiyya ɗaya ga mai son kimiyyar kwamfuta, sannan kiredit biyar a WAEC ko NECO da suka haɗa da waɗannan ukun. Aikin jinya aiki ne mai daraja, amma a bar shi ga wadda ta zaɓe shi da kanta.

Tambaya, daga wata uwa a Kano: Laftof ɗaya gare mu a gida. Yayyenta maza biyu sun mallake ta, ita ƙaramar mai shekara goma sai leƙe. Idan ta taɓa su ce za ta ɓata. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, wannan kalma ta "za ki ɓata" ita ce tushen duk abin da muka bayyana a sama, kuma ana iya kashe ta da saiti ɗaya. A Windows ki shiga Settings, sai Accounts, sai Other users, ki buɗe wa kowane yaro asusunsa da kalmar sirrinsa. Nau'in asusun ya zama Standard, ke kaɗai ki riƙe Administrator. Mai asusun Standard ba zai iya sauke babbar manhaja ko goge fayilolin wani ba sai da kalmarki, don haka babu abin da za ta danna da zai lalata aikin yayyenta. Hujjarsu ta faɗi ke nan.

Sai ki rubuta jadawali ki manna a bango: minti 45 ga kowa, sau uku ko huɗu a mako. Ki lura da lokacin da kika ba ta. Idan nata ya faɗo daidai lokacin wanke-wanke ko ɗora tukunya, a takarda kawai ta samu. A raba aikin gida yadda sa'arta za ta zama tata, yaran maza su ma su ɗauki nasu kason.

Ki saukar mata da Scratch, manhajar kyauta da jami'ar MIT ta Amurka ta yi domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16. Akwai wadda ake saukewa sau ɗaya ta yi aiki ba data. Ana jawo tubalan umarni ne a jera su, mage ta yi tafiya, ta yi magana, ta ƙirga maki. Doka ɗaya za ki kafa: duk wanda zai taimaka mata, da baki zai taimaka, hannunsa na baya. Da zarar yaya ya karɓe linzamin ya gyara da kansa, shi ya ƙara ilimi, ita ta ƙara yarda cewa ba ta iyawa. Haka idan waya ta cije ko rimot ya ƙi aiki, wani lokacin ita za ki kira, ki ba ta minti goma ta laluba kafin a nemi wani.

Tambaya, daga wata ɗaliba a Maraɗi: Ba ni da kwamfuta, sai wayar Android. Zan iya farawa?

Amsa: Ƙwarai kuwa, ƙanwata, watanni uku ko huɗu na farko waya ta ishe ki. Ki sauke Pydroid 3 daga Play Store, tana tafiyar da yaren Python ba tare da intanet ba. Ki nemi kibod na USB da ɗan mahaɗin OTG, wanda ke jona kibod da waya, mai bakin da ya dace da wayarki, ko kibod na Bluetooth. A wasu wayoyin sai an kunna OTG a cikin Settings, kuma yakan kashe kansa idan an jima ba a yi amfani da shi ba. Idan kibod ɗin AZERTY ne irin na ƙasashe masu Faransanci, alamomin da manhaja ke yawan buƙata suna ɓoye: AltGr da 3 na ba da #, AltGr da 4 na ba da {, AltGr da 5 na ba da [.

Kurakurai uku ne ke korar masu farawa a waya, kuma babu wanda ya shafi basira. Kibod ɗin waya kan mayar da harafin farko babba, ki rubuta print ya zama Print, Python ta ce NameError. Ki kashe gyaran rubutu da ɗaga harafi na kai-tsaye a saitin kibod. Na biyu, tazarar farkon layi: duk abin da ke ƙarƙashin if ko for sai an tura shi ciki da tazara daidai wa daida a kowane layi (an saba da huɗu), in ba haka ba ki ga IndentationError. Na uku, duk abin da mutum ya shigar ta input rubutu ne a wajen Python ko da lamba ce, don haka haɗa shi da lamba na kawo TypeError. Maganinsa layi ɗaya ne da ke mayar da rubutun da aka shigar lamba: kudi = int(amsa). Ki saba karanta layin ƙarshe na saƙon kuskuren, da lambar layin da ya ambata, a nan amsar take.

Kada ki tsaya kallon bidiyo kawai. Ki rubuta manhajar adashi: sunayen mutum goma, zubin kowa a mako, wa zai kwasa a wane mako, wa bai biya ba. Cikin wannan ɗan aiki za ki koyi jerin abubuwa da maimaitawa da sharaɗi, waɗanda su ne ƙashin bayan kowane yaren manhaja. Darasin Django Girls, mai koyar da gina shafin intanet da Python, kyauta ne kuma akwai shi da Faransanci, amma shi sai kin sami kwamfuta.

Tambaya, daga wata matar aure a Kaduna: Na gama digirin kwamfuta shekara shida da suka wuce, na yi aure, yara biyu. Na manta kusan komai. Ana iya wannan aiki daga gida?

Amsa: Ana iyawa, 'yar'uwa, kuma abin da kika karanta zai dawo da sauri fiye da yadda kike tsammani. Amma aikin gida ba aikin gutsuren lokaci ba ne. Neman kuskure a manhaja na buƙatar sa'a biyu a jere hankali bai rabu ba. Ku zauna da maigida ku tsayar da waɗannan sa'o'in da wanda zai riƙe yara a cikinsu, tun kafin a kashe kuɗi a kan na'ura.

Laftof ta hannu ta isa: Core i5 zubi na 8 ko sama, RAM 8GB, SSD 256GB. Zubi na 8 ɗin na da dalili, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar mafi yawan na ƙasa da haka. Idan manhajar waya za ki riƙa yi da Android Studio, ki nemi RAM 16GB. Tun a shago ki buɗe Command Prompt ki rubuta powercfg /batteryreport, ki buɗe rahoton da zai fitar, ki kwatanta Full charge capacity (cajin da batirin ke ɗauka yanzu) da Design capacity (wanda yake ɗauka yana sabo). Idan na farkon bai kai kashi 70 na na biyun ba, da wutarmu ta yau batirin zai ba ki wahala. Ki kuma shiga BIOS, wato saitin tushe da ake buɗewa lokacin kunna na'ura, ki tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba.

Ki zaɓi hanya ɗaya ki bi ta wata shida, ko gina shafukan intanet da HTML da CSS da JavaScript a freeCodeCamp, shafin koyo na kyauta, ko nazarin bayanai da Python da SQL. Ki ɗora ayyuka uku kammalallu a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, su ne za su yi magana a madadin shekaru shidan da ba ki yi aiki ba. She Code Africa, wadda Ada Nduka Oyom ta kafa a 2016, tana haɗa mata da masu yi musu jagora. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 na horarwa kyauta. Outreachy kuwa horon aiki ne na wata uku daga gida, da alawus na dala 7,000, ga waɗanda ba su da wakilci sosai a fannin. Gasar na da zafi, kuma kafin a zaɓi mutum sai ya yi kusan wata guda yana ba da gudummawa a aikin da ya nema, don haka ki koyi Git, manhajar adana sauye-sauyen aiki da GitHub ya dogara da ita, da wuri. Duk wanda ya ce ki biya kuɗi kafin ya ba ki aiki, ɗan damfara ne.

Tambaya, daga wata mai koyo a Jos: Duk zauren koyo da na shiga, maza ke biyo ni ta bayan fage da maganar da ba ta karatu ba. Har na fara tunanin dainawa.

Amsa: Laifin nasu ne, 'yar'uwa, kada ki bar musu filin. A zauren WhatsApp kowa na ganin lambarki, don haka ki ware layi daban domin karatu, ki shiga Privacy ki mayar da hoto da Groups zuwa My contacts, ki kunna Silence unknown callers. Telegram ta fi sutura: a Privacy and Security ki mayar da Phone Number zuwa Nobody. A GitHub ki kunna Keep my email addresses private. Wanda ya wuce gona da iri, ki ɗauki hoton saƙonsa, ki tura wa shugaban zauren, ki toshe shi. Zauren da shugabansa ya yi shiru a kan irin wannan, ki fita ki nemi wani.

Wani bincike da aka wallafa a 2017 a kan gyare-gyare kusan miliyan 3 da masu rubuta manhaja suka tura wa ayyuka a GitHub ya gano an fi karɓar aikin mata fiye da na maza a jimlace, amma karɓar na raguwa idan baƙuwa ce kuma sunanta ko hotonta ya nuna mace ce. Saboda haka wasu ke amfani da sunan da bai nuna jinsi ba yayin da suke farawa. Zaɓinki ne, sai dai ki tabbatar asusun da ke ɗauke da ayyukanki shi ne za ki nuna wa mai ɗaukar aiki, kuma ki kunna masa tabbaci mai mataki biyu tun yau.