Tambayi Likita: Yaron da ke cin zalin 'yan uwansa yara

Wata uwa daga Mabera: Ɗana mai shekara biyu da rabi yana cizon yara in mun je biki. Mugu zai zama?

A'a Hajiya. Bakinsa ne bai gama buɗewa ba, sai haƙori ya yi masa magana. Ki janye shi daga wurin, ki ce "ba a cizo", kada ki rama masa. In cizon ya fasa fata, a wanke da sabulu a kai wanda aka ciza asibiti.

Wani uba daga Runjin Sambo: Yarona mai shekara 11 yana ƙwace kuɗin tara na ƙanana a makaranta, yana dukansu. Na zane shi da dorina har na gaji. Kakarsa ta ce jinin kawunsa ne, a turara masa barkono.

Malam, barkonon nan kada ya kusanci garwashi. Hayaƙinsa na ƙona ido da maƙogwaro, in kuwa yaro na da asma, numfashinsa na iya sarƙewa kafin ku kai bakin titi. Wai yau kuma barkono ne malamin tarbiyya!

Ba a haihuwar yaro da cin zali a jini. Koya yake yi, kuma yakan koya daga wanda ya fi shi ƙarfi: yayan da ke make shi a soro, siniya, monita mai bulala, ko ganin yadda ake yi wa mahaifiyarsa tsawa. Wanda ba ya iya ramawa sama, ƙasa yake saukewa. Wani kuma karatu ne ya gagare shi, ana yi masa dariya in an ce ya karanta allo, to a filin wasa ne kaɗai ake shakkarsa. Wani riba ce kawai yake gani, kuɗi sun shigo aljihu, abokai na yi masa kirari. Ba ɗanka kaɗai ba ne. Rahoton UNESCO na 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ana cin zalinsa a makaranta.

To ka ga inda dorina ke ɓata aiki. Duk zanewar da ka yi, darasin da ya ɗauka shi ne babba na dukan ƙarami ya zauna lafiya. Gobe sai ya je ya biya karatun a kan ɗan aji uku.

Ka zauna da shi bayan isha'i, ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba. Tambaye shi wa ke takura masa, wa yake ba kuɗin. Sau da yawa akwai babban yaro a baya. Ya mayar da abin da ya ƙwata daga kuɗinsa, ya ba da haƙuri da bakinsa. Ka ga malamin ajinsa, ka riƙa leƙawa duk mako. Ranar da ya kyautata wa ƙaninsa, ka yaba ya ji.

Amma idan yana azabtar da dabbobi, ko ɗaukar wuƙa, ko ka ji warin sholisho a jikinsa, kada ka jira. Ku je sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Zuwa can ba ya nufin hauka. Kada kuma a kai shi gidan mari. Na sake faɗa, a ga likita.

Wata uwa daga Tambuwal: Ɗiyata na makarantar kwana. Duk hutu ya ƙare sai ciwon ciki da kuka, har fitsarin kwance ya dawo.

A auna fitsarinta tukuna. In ba a ga komai ba, ki tambaye ta a hankali abin da manyan ɗalibai ke sa ta yi a ɗakin kwana. Ciwon na gaske ne, tsoro na kawo shi. In ta daina cin abinci ko ta ambaci mutuwa, asibiti a ranar, ba gobe ba.

Wani daga Gwadabawa: Mai kemis ya ba ni ƙwayar barci in riƙa ba yarona don ya rage faɗa.

Mayar masa da kayansa yau. In yaron ya riga ya sha kuma yana wuyar tashi, ku garzaya asibiti da kwalin maganin a hannu.