Ni aka ba gyaran darasin Python, ta ina zan fara?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah yayana ne ya rubuta darasin koyon Python, wai wani yare ne na ba kwamfuta umarni, da Hausa na yaran da yake koyarwa a nan Tudun Wada, yace in duba mishi rubutun, ni kuma Hausar na iya ban san komai a harkar kwamfuta ba, tsoro nake kar in ɓata mishi aiki. Daga ƙanwarku a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, wallahi naji daɗin tambayar nan. Bayanin da yayi da Hausa ki gyara son ranki, amma layukan umarnin da ake ba kwamfuta kar ki taɓa ko ɗigo, in kika maida print, wato kalmar da ke sa kwamfuta ta nuna rubutu, ya zama Print da babban baƙi to shikenan ba zai yi aiki ba, haka ɗan filin nan da ake bari a farkon layi, yawanci tazara 4, ba kuskure bane, da shi Python ke gane abin da ke ƙarƙashin wani. Kuma kar ki buɗe shi a manhajar rubutu ta Word, yana lanƙwasa alamar zance, yaro ya kwafa ya kwana yana neman laifinsa.

Ki lura in ya kira abu da suna ɗaya a shafin farko kar ya canza a gaba, wannan na rikita yara sosai. In kinga print ba baka biyu a gabansa ki tambaye shi, tsohon salon Python 2 ne da aka daina kula da shi tun 2020. Sannan ki zaunar da yaro ɗaya ya bi darasin a gabanki, duk inda ya tsaya yana sosa kai ki ja layi a wurin.