An ce akwai tukunyar zinariya a kufan da ke gonarmu, mu haƙa ko mu bari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Mani. Gonarmu ta gado tana kan wani kufai, har yanzu ana ganin guntuwar ganuwa ta gabas. Bana ruwa ya zaftare gefen kwari, sai ga bakin randuna biyu da ƙasusuwa da wasu duwatsun wuya. Wani mutum ya zo ya ce akwai zinariya a ƙasa, aljanu ke tsaronta, in muka ba shi kuɗin turare da baƙin bunsuru zai kore su mu raba. Ƙannena sun matsa. Ni kuma tsorona in na kai rahoto gwamnati ta ƙwace gonar. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin komai, Malam, ka karɓe diga da shebur daga hannun ƙannenka, ka mayar da ƙasa kan abin da ruwa ya buɗe. Ƙashin da ka gani ta yiwu na mutum ne da aka rufe, ta yiwu ma kakanka ne.

Wannan magana ta tukunyar zinariya na gaji da jin ta. Mu masu binciken kayan tarihi, duk ƙauyen da muka sauka da kayan awo, kafin mu gama gaisawa da mai gari labari ya zaga cewa "masu neman dukiya sun zo". Shi mai turaren nan ka tambaye shi abu ɗaya: in ya san inda zinariya take, kuma aljanu na jin maganarsa, me ya hana shi sayen gonar? Me ya sa sai kuɗinka? Yadda suke yi sananne ne. Yau turare, gobe a ce aljanin ya motsa da tukunyar don wani ya yi magana a bakin rami, a ƙaro kuɗi. Jibi a tono maka wani ƙarfen tagulla da shi da kansa ya binne da dare. Na taɓa tsayawa a bakin irin wannan rami, zurfinsa ya kai gaba uku, ƙasar jigawa ce, ba abin da ya tokare gefensa, yaro ɗan shekara goma sha biyar a ciki yana miƙo bokiti. Abin da suka fito da shi tsingaro ne da kashin maƙera. Randar da ta shekara ɗaruruwa lafiya lau, diga ta raba ta gida takwas.

Na san abin da za a ce mini, tunda kai mutumin Mani ne: ai an samu zinariya a Durbi Takusheyi. An samu, ba na musu. Amma kaburburan sarauta ne, manyan tuddai da kowa ya san da su. Bature Palmer ya haƙa a 1907, aka sake haƙawa a 1992, kuma a karo na biyun an yanko kaburburan da ƙasarsu gaba ɗaya aka kai birnin Mainz na Jamus, inda aka yi ta tsefe su a hankali. Zinariyar 'yan kayan ado ce ƙanana. Abin da ya girgiza masana shi ne kwanon tagulla irin na ƙasashen Larabawa, da wuri, da duwatsun ado na gilashi, da hauren giwa, waɗanda suka nuna ƙasar Katsina na cinikayya da duniya mai nisa tun ɗaruruwan shekaru. Da 'yan diga ne suka riga isa, da an narkar da 'yan kunnen, an jefar da sauran, ba wanda zai san komai.

Kufan talakawa kuwa, me kake tsammani a ciki? Dutsen niƙa, toka, gurbin rumbu, ramukan karofi, tarkacen narka tama. Mutanen da suka tashi saboda fari ko yaƙi ko rijiya ta ƙafe, da ɗan abin hannunsu suka tafi. Darajar abin da suka bari tana ga inda yake kwance: wane ne a sama, wane ne a ƙasa, da ɗan gawayin da ke gefensa wanda ake aunawa a san shekarunsa. Ka ɗaga shi ka wanke, ka shafe shaidar ke nan. Haka aka yi wa Kwatarkwashi ta Zamfara da ƙasar Nok ta kudancin Kaduna, dillalai suka sa mutanen ƙauye tono, aka ba su na cefane, gumakan yumɓun suka ƙare a shagunan Turai. Abin ya kai a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok da na Sakkwato da na Katsina cikin jerin waɗanda ta gargaɗi duniya kada a saya.

Batun doka gajere ne. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta hana haƙa don neman kayan tarihi ba da izini ba, ta hana saye da sayar da su, ta kuma ce wanda ya tsinci irin wannan ya sanar da hukumar da sakataren ƙaramar hukuma cikin kwana bakwai. Wato haƙar ce za ta jawo maka 'yan sanda. Ƙwace gona kuwa, wuraren da aka ayyana na tarihin ƙasa 'yan ƙalilan ne, kuma randa biyu ba ta kai ka can. Gaskiya ma matsalar da na fi sani ita ce ka rubuta takarda ta kwana wata shida a tebur, a ce babu man mota. Don haka kada ka tsaya ga ofis ɗaya. Fara da mai unguwa da dagaci, ka je gidan tarihi na Katsina da kanka, ka kuma aika hoto zuwa sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

In za ka ɗauki hoton, ajiye biro ko takalmi a gefe don a gane girman randar. Sannan ka sami tsohon da ya fi kowa shekaru a garinku, ka kunna rikoda a wayarka, ka tambaye shi sunan kufan, su wa suka zauna, me ya tashe su, ina suka nufa. Wannan ka yi shi cikin makon nan.